GADON ANDALUS YA RABU BIYU: RABI A TURAI, RABI A ZAURENMU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Darasinmu na yau tarihi ne, tarihin ma na Turai. Na san wani zai ce: haba malam, ina ruwan mutumin Danja da abin da Turawa suka yi shekara dubu da ta wuce? Ɗan uwa, daure ka karanta har ƙarshe. In dai ka taɓa zama gaban malami ka ɗauki Ƙurɗabi, ko ka ji ana jan Ishiriniya, ko ka ga alƙali ya buɗe Tuhfa, to ka riga ka sha ruwan rijiyar da aka haƙa a ƙasar Turai, ko ka sani ko ba ka sani ba.

1. WANE ZAMANI MUKE MAGANA A KAI?

Masu tarihi suna kiran tsakanin shekarar 476, lokacin da daular Rumawa ta yamma ta rushe, zuwa wajen 1500, da sunan "tsakiyar zamani". A farkon wannan lokaci Turai ta yamma a wargaje take. Birane sun ragu, karatu da rubutu sun koma hannun limaman coci da ruhubanawa masu kwafar littattafai a gidajen ibadarsu.

Babban sarkinsu a wancan lokaci shi ne Sharliman, wanda Fafaroma ya naɗa a birnin Rum a shekarar 800. Ya mallaki ƙasashen da yau ake kira Faransa da Jamus da arewacin Italiya. Sun yi musayar jakadu da Haruna Rashid na Bagadaza, har Haruna ya aiko masa da giwa, ta isa fadarsa a 802. To amma wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, mutumin fadarsa ne kuwa, ya ba da labarin cewa sarkin yakan ajiye allo ƙarƙashin matashin kai, in barci ya ƙi zuwa ya ɗauko yana koyon rubutu, amma hannun bai faɗa ba, don ya fara da girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai a yi masa adalci: ya san abin da ya rasa. Ya kira malamai daga Ingila da Italiya, ya buɗe makaranta a fadarsa. Ku riƙe wannan hali, don za mu sake gamuwa da shi.

2. MUSULUNCI A ƘASAR TURAI

A shekarar 92 bayan Hijira, wato 711, Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetare teku daga Maroko ya shiga ƙasar da yau ake kira Sifaniya da Fotugal. Musulmi suka kira ta Andalus. Daga nan har 1492 akwai mulkin Musulunci a wani yanki na ƙasar. Shekara 781 ke nan. Ku lissafa: daga jihadin Shehu Usmanu na 1804 zuwa yau ko sulusin wannan ba mu yi ba.

Babban birninsu Ƙurɗuba. A zamanin Halifa Hakam na biyu (961 zuwa 976) ana aika mutane har Bagadaza da Misira su sayo littattafai, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa ma'ajiyarsa ta tara littattafai wajen 400,000. A birnin aka yi likita Abul Ƙasim Zahrawi, wanda ya rasu wajen 1013. Ya rubuta littafin likitanci mai kashi 30, kashi na ƙarshe a kan tiyata ne, har da zanen kayan aikin.

Ga abin da zai fi shiga ran manomi. Musulmi ne suka yaɗa noman rake da auduga da shinkafa a Andalus, suka gyara hanyoyin ban ruwa. Har gobe mutumin Sifaniya in zai ce sukari "asukar" yake cewa, auduga kuwa "algodon", daga Larabcin assukkar da alƙuɗun. Wani malamin Ishbiliya, Ibnul Awwam, a ƙarni na 12 ya rubuta Kitabul Filaha, littafi sukutum a kan noma: yadda ake gane ƙasa mai kyau, haɗa taki, ban ruwa, auren itatuwa, da maganin cututtukan shuka. Mai raken Danja da mai audugar Funtuwa da Malumfashi, ku ji fa: sana'arku malamai sun zauna sun yi mata littafi da Larabci, babi babi, kamar yadda ake yi wa fiƙihu.

3. RANAR DA ƊULAIƊILA TA FAƊI

A 1031 halifancin Ƙurɗuba ya rushe. Ƙasa ta dare gida-gida, kusan kowane babban gari da sarkinsa, su ne ake kira Mulukuɗ Ɗawa'if. Wannan ya yaƙi wancan, wancan ya nemo sarkin Kirista na arewa ya taya shi yaƙar ɗan uwansa, kuma kowa yana biyan haraji don a bar shi a kan gadonsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1085 sarki Alfonso na shida ya karɓe birnin Ɗulaiɗila, wanda Turawa ke kira Toledo. Sai da Yusufu bin Tashfin, shugaban Murabiɗai, mutanen Sahara, ya ƙetaro ya ci yaƙin Zallaƙa a 1086 sannan aka samu sa'ida. Amma Ɗulaiɗila ba ta dawo ba.

To me Turawa suka yi da littattafan da suka tarar a birnin? Nan ne darasin yake. Halin nan na Sharliman ya motsa. Ɗalibai suka riƙa tahowa daga Italiya da Ingila da Jamus, suna zama da Yahudawa da Kiristocin gari masu jin Larabci, suna juya littattafai zuwa Latin, harshen karatunsu.

Mafi shahara a cikinsu Jerad mutumin Kiremona ta Italiya. Littafi ɗaya ya zo nema, na Baɗlimus a kan ilmin falaki. Da ya ga yawan abin da ke wurin sai ya zauna ya koyi Larabci, ya ƙare rayuwarsa a nan. Ya fassara littattafai sama da 70, ciki har da Ƙanun na Ibnu Sina, da tiyatar Zahrawi, da Aljabru na Huwarizmi. Littafin Ibnu Sina ya zama abin koyarwa a jami'o'in Turai har cikin ƙarni na 17. Jerad ya mutu a 1187, shekarar da Salahuddin ya ƙwato Ƙudus daga hannun mayaƙan Salibiyya. Ka duba: a Sham ana gwabza takobi, a Ɗulaiɗila ana tsoma alƙalami. Abin da suka ci da takobi ya kuɓuce musu. Abin da suka kwasa da alƙalami yana hannunsu har yau.

Wani kuma yaro ne ɗan garin Pisa, Liyonado, wanda aka fi sani da Fibonachi. Ubansa yana aikin kula da harkar 'yan kasuwar garinsu a Bijaya, cikin Aljeriya ta yau. A can yaron ya koyi lissafi da lambobin da Musulmi ke aiki da su. A 1202 ya rubuta littafi yana nuna wa 'yan kasuwar Italiya yadda ake lissafin riba da canjin kuɗi da lambobi tara da sifiri. Kalmarsu ta sifiri ma daga Larabci ta fito. Haka kalmar "algoridim", wannan tsarin lissafi da ke yanke wa zai ga wannan rubutu a Facebook da wanda ba zai gani ba, sunan Huwarizmi ne bakin Bature ya lanƙwasa.

4. MUTUM ƊAYA, GADO BIYU

In kana son ganin yadda gadon ya rabu, dubi Ibnu Rushd. An haife shi a Ƙurɗuba a 1126, ya rasu a Marrakush a 1198. Alƙali ne Bamalike, jikan alƙali, kuma likitan fada. Mu nan da wane littafi muka san shi? Bidayatul Mujtahid, wanda ke jera saɓanin malamai da dalilin kowane ɓangare. Su kuma Turawa sun san shi da sharhin littattafan Arisɗo, masanin falsafar Girka, har suna ce masa "Mai Sharhi" kawai, ba sai an faɗi suna ba. A ƙarshen rayuwarsa sarkin Muwahhidai ya kore shi daga fada, aka ƙone littattafan falsafa, daga baya aka yafe masa. Yau akwai sharhohinsa da asalin Larabcinsu ya ɓata, sai a fassarar Latin ko Ibrananci ake samunsu.

Kada wani ya ɗauka ina kiran mutane zuwa ga falsafa. A cikinta akwai maganganu da suka saɓa wa aƙida, malamanmu sun yi raddinsu, tun daga Gazali kafin Ibnu Rushd har Ibnu Taimiyya bayansa. Su kansu Kiristocin ba su haɗiye ta duka ba. Babban malaminsu Tomas Akwinas, wanda ya koyar a jami'ar Paris, ya karanta Ibnu Rushd ciki da bai, ya ɗauki abin da ya ɗauka, ya rubuta raddi a kan sauran. A 1277 babban limamin cocin Paris ya haramta koyar da mas'aloli 219. Abin lura shi ne sai da suka karanta sannan suka tace.

Kuma fa ba don suna ƙaunarmu suka yi ba. Dubi adabinsu. Waƙar Rolan, shahararriyar waƙar yaƙi ta Faransawa wadda aka rubuta wajen 1100, ta nuna Musulmi a matsayin masu bautar gumaka. Alhali harin da waƙar ta ginu a kai, na shekarar 778, mutanen Bask mazauna duwatsu ne suka kai wa rundunar Sharliman. A 1143 wani Baturen Ingila, Robat na Keton, ya gama fassara Alƙur'ani zuwa Latin, bisa umarnin shugaban gidan ruhubanawa na Kuluni a Faransa, da niyyar a samu abin yin raddi. Dante, babban mawaƙin Italiya da ya mutu a 1321, ya yi mummunan ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a cikin littafinsa, wanda baki ba zai iya maimaitawa ba. Amma a cikin littafin nan dai ya ware wa Ibnu Sina da Ibnu Rushd wuri tare da manyan masanan duniya. Sun ƙi addinin, sun kwashe ilmin, kuma ba su ji kunyar zama ɗalibai ba.

5. RABIN DA YA ƘETARO SAHARA

Yanzu mu dawo gida. Shiga zauren kowane malami a Danja ko Bakori ko Zariya, ka duba gafakarsa.

Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ke hannunmu riwayar Yahya bin Yahya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba, ya rasu 848.

Ashafa ta Alƙali Iyal, wanda ya yi karatu a Andalus ya yi alƙalanci a Garnaɗa, ya rasu 1149.

Ishiriniya ta Alfazazi, haifaffen Ƙurɗuba, ya rasu 1230.

Tafsirin Ƙurɗubi, wanda mai shi ya bar garinsu ya koma Misira, ya rasu 1273.

Alfiyyar Ibnu Malik, mutumin Jayyan, ya rasu a Dimashƙa a 1274, shekara ɗaya da Tomas Akwinas.

Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa, ya rasu 1426. Har yau alƙalanmu suna kafa hujja da ita.

Shaɗibiyya ta masu ƙira'a, mai ita mutumin Shaɗiba ne. Ƙurɗabin da yara ke ɗauka bayan Ahalari da Ishmawi kuwa, sunansa ya riga ya faɗi garin mai shi. Ko rubutun allonmu, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, ɗan gida ɗaya ne da rubutun Magrib da Andalus.

Ta ina suka iso? Ta hanyar fatake da alhazai, daga Fas da Tilimsan da Tuwat zuwa Tambutu da Agadas, sannan Katsina da Kano. Mutane ma sun zo da ƙafarsu: Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙin Garnaɗa, ya biyo Mansa Musa bayan hajjin 1324, kuma a Tambutu ya rasu. A ƙarshen ƙarni na 15, daidai shekarun da Garnaɗa ke faɗuwa, Shehu Magili na Tilimsan yana ƙasar Hausa, ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya kuma koyar a Katsina. Fitila tana mutuwa a can, ana kunna wata a nan.

Garnaɗa ta faɗi ran 2 ga Janairu, 1492. Ba a cika shekara goma ba babban limamin coci Sisneros ya sa aka tara littattafan Larabci a dandalin birnin aka cinna musu wuta. Amma ya ce a ware na likitanci, aka kai su jami'ar da ya kafa. Kun ga rabon gadon ƙiri-ƙiri. A 1567 aka hana magana da Larabci. Musulmin da suka rage suna ɓoye addininsu, suna rubuta harshen Sifaniya da haruffan Larabci, ana kiran rubutun "alhamiyado", daga kalmar ajamiyya, wato dai ajami irin namu. Tsakanin 1609 da 1614 aka kore su baki ɗaya. Littafin da aka ƙone a Garnaɗa yau yaro yana haddace shi a Danja. Wannan falalar Allah ce, kuma amana ce.

Kada kuma a ce kakanninmu ba su nemi ɗaya rabin ba. Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a ilmin lissafi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Da Baturen nan Kilabatan ya koma Sakkwato karo na biyu, cikin tsarabar da ya kawo akwai littafin Iƙlidis na ilmin handasa da Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, ya gaya masa suna da kwafinsa a gidansu, gobara ce ta cinye. Ɗan Shehu ke nan, mai jihadi, yana jimamin littafin lissafin da Bagirke ya rubuta.

6. TO MU FA?

Na farko. Yau a garuruwanmu an raba yara gida biyu. Wani uba ya ce lissafi da kimiyya kayan Nasara ne, ɗansa ba zai je ba. Wani kuma ya yi digiri ya dawo yana kallon zaure kamar wurin ɓata lokaci. Duk su biyun tarihi ya ƙaryata su. Na farkon yana gudun kayan gidansu don ya gan shi a hannun baƙo. Na biyun bai san cewa masu Alfiyya da masu tiyata 'yan ƙasa ɗaya ba ne, harshen karatunsu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya. Imamu Gazali a cikin Ihya ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, ya kuma koka da garuruwan da suka cika da masana fiƙihu alhali ba likita Musulmi. Ka tambayi kanka: a gundumarku mata nawa ke naƙuda ba likita mace kusa? In babu, laifin yana wuyan al'umma duka. Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, kuma cikin fursunonin Badar akwai waɗanda fansarsu ita ce koya wa yaran Madina rubutu.

Na biyu. Abin da ya ɗaga Turai fassara ce. Daga baya ma sarki Alfonso na goma, wanda ya yi mulki 1252 zuwa 1284, ya sa aka riƙa juya littattafai zuwa harshen da ake magana da shi a kasuwa. Mu da muka yi jami'a, na Larabci da na boko, me muka juya wa mutanenmu zuwa Hausa? A 2016 tsutsa ta cinye tumatir a jihohin nan, manoma suka tafka asara. Ga cibiyar binciken noma a Samaru, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga Danja. Ɗalibi ɗaya da zai zauna ya mayar da bayanin feshi da adana amfanin gona zuwa Hausa mai sauƙi, a karanta wa manoma bayan sallar Isha, ya yi aikin lada. Haka mai Larabci da zai sauƙaƙa babin gado ko na ciniki. Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u sun yi wa'azi da Hausa da Fulatanci, alhali Larabci ba ya gagararsu.

Na uku. Littattafan kakanni da ke cikin akwatuna da buhuna. Mu ba Sisneros ne zai ƙone mana su ba, gara ce da yoyon ɗaki da rabon gado. A fito da su a kakkaɓe, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a nemi masana irin na Arewa House a Kaduna su nuna yadda ake adanawa.

Na huɗu. Ɗulaiɗila ba rashin malamai ne ya kayar da ita ba, malamai cike da gari. Shugabanni ne kowa ya fi son ganin bayan ɗan uwansa. Duk mai kwana yana zagin Musulmi ɗan uwansa a intanet saboda bambancin ƙungiya, ya sake karanta kashi na uku na wannan darasi.

Aikin da zan bar mu da shi a wannan mako ƙarami ne. Kowane magidanci ya dubi 'ya'yansa da ƙannensa, maza da mata: wa ke zuwa allo ko Islamiyya ba ya zuwa boko, wa ke zuwa boko ba ya zuwa Islamiyya? Wanda aka samu da rabi ɗaya, a nema masa ɗayan kafin a shiga sabon zango.

Allah Ya jiƙan malaman Andalus da malamanmu da suka riƙe mana wannan amana. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya shiryi zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa albarka a gonakinmu. Wallahu a'alam.